Gefen Kwalta: Wa Za a Tambaya Kafin a Shata?

 

Maganar wannan karo daga cikin akwati ta fito. A zamanmu da ya wuce, da aka buɗe kwaɗo uku aka juye kuɗi a kan tabarma, sai muka tarar ƴar jakar taimakon gaggawa ta kusa ƙarewa. Biki bai ci ta ba, suna bai ci ta ba, hanya ce ta ci ta. Ɗiyar wata daga cikinmu, yarinya mai ƙoƙari da ke kwaleji, ubanta ya saya mata keke na hannu bayan ya sayar da albasa, don ta daina makara. Ran nan an tashe su da rana tsaka, tana bin gefen kwalta kamar kullum. Gabanta ga tebur, bayan tebur ga mota an ajiye, dole ta ɗan shigo ciki. Sai gingimari ya danno mata oda daga baya. Ta firgita ta koma gefe, ƙafar gaba ta nutse cikin rairayi, ta faɗi a kan hannunta. Hannu ya karye.

Motar ko taɓa ta ba ta yi ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai, domin babu wanda za a kai ƙara. Direba ya yi oda, mai tebur tana neman abincinta, rairayi kuma iska ce ta tara shi. An biya kuɗin likita da na magani daga asusu, hannu yana warkewa, alhamdu lillahi. Amma uban ya ce keke ya ƙare. Yanzu da ƙafa za ta riƙa tafiya, kuma kun san yadda irin wannan magana ke ƙarewa a gidajenmu: yau makara, gobe an kore ta daga aji, jibi a ce to ta zauna gida mana, ai ga mai so ya fito.

Duk wadda ke zaune a Madawa ko Galmi ta san wannan kwalta. Ita ce babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni ta ratsa mu ta nufi Maraɗi da Damagaram. A kanta ake ɗaukar simintin Malbaza, a kanta albasarmu ke tafiya har Gana da Kwaddibuwa. Ba mu ƙi ta ba, da ita muke ci. Sai dai an yi ta ne don mota mai tafiyar nesa, gari kuma ya girma ya rungume ta. Yanzu a kan shimfiɗa guda ake son tirela ta wuce, ɗan kabu-kabu ya wuce, amalanken jaki ya wuce, mai kurar ruwa ya wuce, tsohuwa mai tallar tabarma ta tsallaka, ɗan aji ɗaya ya tsallaka. A Buza da Keita da Tamaske motocin ba su kai haka yawa ba, amma ranar kasuwa ku tsaya a bakin tasha ku gani. Lokacin kwasar albasa kuwa, wajen watan 3 da na 4, ba a magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta ce a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa. Afirka ce ke da mafi munin rabo, alhali ba mu ne muka fi yawan motoci ba. Mun kawo lissafin ne don kada wata ta ɗauka maganar keke maganar wasan yara ce.

Abin da ake yi a wasu garuruwa shi ne a ware wa marasa inji tasu hanya a gefen ta mota, kuma a kare ta da abin da mota ba ta iya hawa: ɗan dakalin siminti, ko turaku, ko jerin itatuwa. Kariyar ita ce maganar. Layin fenti kaɗai direba ba ya jin tsoronsa, kuma a ƙasarmu ko wata biyu ba ya yi rairayi ya rufe shi. Waɗanda suka taɓa zuwa Wagadugu sun ga irin wannan da idonsu. A wasu manyan titunan birnin an raba hanyar masu ƙafa biyu da ta motoci, kuma can mace da goyo da kayan lambu a kan keke ba abin kallo ba ne. A ƙasar Holan, wadda yau ake misali da ita, ba haka suka tashi suka gani ba. A shekarar 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a hanyoyinsu, sama da 400 yara ne. Iyaye, mata a gaba, suka fito da ƙungiya mai suna da ma'anar a daina kashe yara, suka riƙa tare tituna suna zama a kai har hukuma ta fara sake fasalin garuruwa. Kuɗinsu ba irin namu ba ne, mun sani. Abin da muka ɗauka daga labarin shi ne uwaye ne suka fara.

Yanzu bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. A Adar mace babba ba ta cika hawa keke ba, kuma idan muka je gaban hukuma muka ce muna son hanyar keke, za a yi mana dariya a ce wace ce cikinku mai keken. To, ɗiyanmu ne masu shi. Kuma hanyar da muke nufi ta duk wanda ba ya da inji ce: ƴan makaranta, guragu masu keken hannu, masu amalanke, masu kura, da mu kanmu da ke ɗauke da ƙwarya a ka. Idan aka faɗe ta haka, rabin gari ke ciki.

Da aka kawo maganar a zaman, ba kowa ya yi murna ba. Wata babbar yayarmu da ta shekara da shekaru tana tuyar ƙosai a bakin kwalta ta ajiye carbinta ta ce:

"Ku dakata, ɗiyana. Wagga hanya da kuke faɗi, ina za a bi da ita? Ba inda kaskona yake ba? Da wanga kasko na aurar da ɗiya ukku, da shi nike zubi kowane mako. In anka tashe ni, ku za ku yi mani zubin?"

Wuri ya yi tsit. Uwar yarinyar da ta karye tana zaune kusa da ita, gwiwa da gwiwa, kuma ita ma ta san tebur ɗin da ɗiyarta ta kauce wa na irinmu ne. Can sai ta ce:

"Yaya, ni ban ce a tashe ki ba. Amma da kin ga yadda anka kawo mani ita, da kin san ban iya yin shiru."

Duka biyun suna da gaskiya, kuma a nan ne muka ga dalilin da ya sa ba za a bar wannan aiki ga injiniya shi kaɗai ba. Tsoron yayarmu ba na banza ba ne. A 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin titunan Yamai da sunan gyaran birni, kuma da yawa daga masu su ba su farfaɗo ba. Mun kuma ga bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su: Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, tamu Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An shimfiɗa kwalta da pabe, an sa fitilu, garuruwa sun yi kyau, ba mu musa ba. Amma aikin da ake yi da gaggawar biki ba ya jiran a zauna da mai tuya a tambaye ta ina masu sayenta ke fitowa. Mu ba ma son ranar da aiki zai iso Madawa ko Buza ko Keita ya tarar da mu ba mu shirya bakinmu ba. Idan taswira ta riga ta fito daga ofis, abin da ya rage wa talaka shi ne kwashe kaya.

Saboda haka ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, duk shirin da bai nuna inda masu sana'a za su koma ba, kada wata ƙungiya ta sa masa hannu. Kuma komawar ta zama kusa, inda ciniki yake. Sau da yawa abin da ake bukata bai wuce a ja tebura baya da taku uku ko huɗu ba, a jera su layi guda, a bar fili tsakaninsu da kwalta. Mai keke da mai tafiya ƙasa su ne masu tsayawa sayen ƙosai. Gingimarin da ke wucewa da gudu bai taɓa sayen na dala biyar ba. In aka yi tsarin da kyau, hanyar ma kawo mata ciniki za ta yi. Yayarmu ta ce sai ta gani. Mun ce mata haƙƙinta ne.

Wa ake zuwa wurinsa? A nan mata da yawa ke ɓata ƙafa. Kwaltar ƙasa, irin wadda ta ratsa Madawa, ta gwamnati ce, ma'aikatar da ke kula da hanyoyi ke da iko da ita, kuma akwai hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER. Rariyoyin cikin gari kuwa, da bakin kasuwa da tasha da wurin ajiye motoci, na ma'aikatar magajin gari ne. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan 4 na 2024, kantomomi ke riƙe da su, amma ma'aikatar tana nan, sakatare yana nan, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya ta na shekaru, wanda ake kira PDC, da tsarin ayyukan kowace shekara. Abin da bai shiga kundin ba, da wuya a sa masa kuɗi, ko na gari ko na masu tallafi. Ku tambayi yaushe za a sabunta na garinku, ku ce kuna son a gayyaci ƙungiyoyin mata, kuma a sa zaman a lokacin da mace ke iya zuwa. Taron da aka kira ƙarfe goma sha biyu na rana, lokacin da tukunya ke kan wuta, an riga an zaɓi waɗanda za su halarta. Kafin ku je can, ku bi ta wurin mai unguwa da fadar sarki. Ba a tsallake su a maganar fili.

Kada kuma mu je hannu rabbana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa. Mu da muka shekara muna riƙe lissafin bashi da riba a ka, tun daga lokacin da Mata Masu Dubara suka fara a jihar Maraɗi a 1991, ƙidayar masu wucewa ba za ta gagare mu ba. A zaɓi wuri guda, inda kowa ya san ana yawan faɗuwa. Mata biyu su zauna da safe lokacin tafiya makaranta, su koma lokacin tashi, da ƙore huɗu da tsakuwa: ƙwarya guda ta keke, guda ta amalanke da kura, guda ta babur, guda ta mota. Duk wanda ya wuce a jefa masa tsakuwa a tasa. A yi haka ranar kasuwa, a yi ranar da ba kasuwa. Sannan a samu igiya a auna daga bakin kwalta zuwa bangon farko, a auna faɗin amalanke da lodinsa na kara, domin hanyar da amalanke bai shiga ba, jakin kan kwalta zai koma. A zana duka a takarda, ko ɗiyanmu ƴan kwaleji su zana mana, su nuna inda suke jin tsoro. Su suka san wace kwana ce ba a hango mai zuwa, da gidan da ke zubo ruwan wanki har ƙasa ta yi santsi.

Akwai abubuwa da mu muka fi injiniyan da ya zo daga nesa sani. Na farko rairayi. Iskar hunturu tana tara shi a gindin duk abin da ya tsaya, kuma dakalin da aka gina don kare keke shi ne zai fara tara shi. Idan ba a faɗi tun farko wa zai riƙa kwashewa ba, kuma da kuɗin wa, bayan shekara guda hanyar ta zama tudu, yara sun koma tsakiyar motoci. Kada a ce mata za su share kyauta, wannan waƙar mun gaji da ita. In aiki ne, a ba ƙungiya kwangila a biya ta. Sai ruwa. Wadda ta ga yadda ƙorama ke saukowa daga duwatsun Buza da Keita, ko yadda Tarka ke cika, ta san ruwa ba ya neman izini. Dakali mai tsawo ba tare da kafofi ba zai tare shi ya juya shi cikin gidajen mutane. A bar masa mafita, kuma tsofaffin unguwa su nuna inda yake bi tun kafin a yi kwalta.

Maganar da ta fi ba mu wuya ita ce ta ƴan kabu-kabu. Ɗiyanmu ne, ƙannenmu ne, wasunsu ma da bashin asusu aka saya masu babur ɗin. Amma ƙofar da amalanke ya shiga, babur ma zai shiga, kuma idan ya shiga da gudunsa, an raba yarinya da gingimari ne an haɗa ta da wani abin. A Wagadugun ma babura da kekuna hanya guda suke bi, kuma cunkoson ba kaɗan ba ne. Mu dai a ganinmu babur ya zauna tare da motoci, a rage wa kowa gudu a cikin gari. Masana hanya sun daɗe suna cewa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa, domin wanda aka buge a wannan gudu galibi yana tashi, wanda aka buge a 50 ko 60 kuwa sai wani ikon Allah. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna da shugabannin tashar babura da sandikan direbobi tun ranar farko. Idan da bakinsu aka yanke, su da kansu za su tsawata wa nasu. Idan daga sama aka sauko masu da ita, ranar da jami'i ya juya baya an gama.

Wata dabara da wata ƙanwarmu malamar makaranta ta kawo, kuma ta fi komi araha: ba dole sai an bi kwalta ba. A yawancin garuruwanmu akwai rariya ta baya da ke tafiya daidai da babbar hanya. In aka cike ramukanta da jar ƙasa, aka hana manyan motoci shiga, aka sa fitila biyu ko uku masu aiki da rana, yara za su bi ta har ƙofar makaranta, sai wurin tsallakawa guda da za a tsare da kyau. Wannan kuma yana hannun ma'aikatar magajin gari, ba sai an jira Yamai ba. Ana iya gwada shi na wata guda da tsofaffin tayoyi da duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa, a ga abin da ya yi da abin da bai yi ba kafin a zuba siminti. Duwatsu dai Adar ba ta rasa su ba. Iyayenmu mata na Keita, tun daga 1984 da aikin nan na raya karkara ya fara da tallafin Italiya, su ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutse a ka suka jera shi a kan fako har ƙasa ta dawo, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wadda uwarta ta tare ruwan dutse ba za a koya mata jera layi ba.

Gargaɗi guda, kuma da gaske muke. Gwajin nan sai da izinin hukuma, kuma a rariyar gari kaɗai. Kada ɓacin rai ya sa samarin unguwa su tashi da dare su gina tudun rage gudu a kan kwaltar ƙasa, ko su jera duwatsu. Tudun da ba alama, ba fenti, ɗan babur yake kashewa, ko ya jijjiga mai naƙuda da ake gudu da ita zuwa likita. In ana son tudu, a rubuta a nema, a sa hannun ƙungiyoyi da na shugaban makaranta da na iyayen yara.

Kuɗin asusu kuma ba na gina hanya ba ne. Mun faɗa mun ƙara, domin mun san da zarar an ga mata sun taru da akwati sai a fara cewa ku kawo gudummawa. Muna biyan harajin kasuwa, muna biyan na tebur, kowace ranar kasuwa ana yanka mana tikiti. Abin da za mu bayar shi ne ƙidaya da awo da bakinmu. A ranar 13 ga watan 5 na 1991 matan Nijar sun yi tattaki a Yamai saboda an shirya zaman makomar ƙasa ba a ba su kujerun da suka dace ba, kuma daga nan ranar ta zama ta matan ƙasa. Bana, ƙungiyar da ta ga dama, maimakon anko da rawa kaɗai, ta kai takardarta ma'aikatar magajin gari a wannan rana.

Mu a namu zaman an tsayar da mata huɗu masu ƙidaya, kuma yayarmu mai ƙosai ta ce a zauna kusa da kaskonta, tun da ba wanda ya fi ta sanin masu wucewa, kuma tana son igiyar awo ta bi ta gabanta tana kallo. An kuma wakilta uwar ƙungiya da ma'ajiya su je su gaida uban yarinyar, su roƙe shi kada ya sayar da keken tukuna, a bar ta ta riƙa bin rariyar baya tare da ƴan unguwarsu idan an kwance ɗaurin. Bai amsa ba, amma bai ce a'a ba. Ƙungiyoyin Bangi da Sabon Gida da Karofan da Ibohaman, in kun yi taku ƙidayar, ku ba wakiliyarku ta kawo mana kafin fitowa ta gaba. Wadda za ta zo zaman mako mai zuwa ta taho da ƙwarya guda da ba a aiki da ita, tsakuwa muna da ita a ƙofar gida.